Maganar Gandu da Hanyar Fadama: Jawabin Kwamiti a Taron Bayan Kaka

Wanga shi ne jawabin da anka karanta da sunan kwamitin ƙungiya, gaban Maigari da limamai da sauran jama'a. Mun buga shi yadda anka faɗe shi, don waɗanda ke wajen ci-rani su ma su samu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Jama'a, salamu alaikum. Muna gaida Maigari, muna gaida limamai da iyayenmu dattijai, muna gaida iyaye mata da ke zaune can gindin bedi, muna kuma gaida samari, na nan da waɗanda takarda za ta iske a Legas ko Agadas ko Libiya. Mun gode Allah da ya nuna mana ƙarshen wagga damina, kowa ya ɗaure abin da Allah ya ba shi.

Da al'ada za a bi, lissafin kuɗin ƙungiya za mu fara karantawa. Mun aje shi sai ƙarshe saboda abin da ya faru ran gyaran hanyar fadama. Kwana uku ana shela, an ce gayya ce, amma samarin da sunka fito ba su cika goma ba. Wani dattijo ya ji haushi, ya ce yaran yanzu ba su san kome ba sai shan shayi da latsa salula. Sai wani yaro, jikan amininsa, ya tashi gaban mutane ya ce, "Baba, hanyar gonar wa za mu gyara? Kun sayar wa alhazan Maradi da fadamar, su zo su gyara abinsu." Dattijon bai ƙara cewa uffan ba, ya ɗauki sandarsa ya koma gida. Tun ran nan gidajen biyu gaisuwar baki kawai suke yi, alhali kuwa aure uku ne tsakaninsu. Ba za mu ambaci suna ba, kowa ya san su, kuma ba don mu kunyata su munka kawo maganar ba. Mun kawo ta ne don abin da sunka faɗa a fili shi ne ake faɗi a ɓoye cikin kowane gida na ƙasar Sarkin Yamma.

Mu da ke cikin kwamiti, yawancinmu haihuwar zamanin Diori Hamani ne. Muna yara soja sunka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, mun yi samartakarmu cikin Samariya ta zamanin Seyni Kunce, yau ga mu da furfura. Watau an zage mu da sunan samari, ga shi kuma ana zaginmu da sunan tsofaffi. Saboda haka ku yi haƙuri da mu, maganar tana da tsawo, kuma za ta taɓa kowa.

Bari mu fara da gandu, don nan tushen abin yake. Yaran yanzu suna jin sunan gandu kamar sunan bauta. Gaskiya akwai wahala a ciki. Maigida shi ke riƙe da gona babba, ɗiyansa maza da ƙannensa su yi masa aiki kwana huɗu ko biyar a mako, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa. Rumbun gandu maigida kaɗai ke buɗe shi. Amma ku tambayi tsofaffin da ke zaune nan me ke kan maigida. Shi ke ciyar da gida tun daga shuka har sabon hatsi. Shi ke biyan lanho na kowane kai da ke cikin gidan. Shi ke yi wa yaro auren fari, da sadaki da kayan ɗaki da goro. Shi ke sayen ragon suna. Ran da ya rasu kuma, gonar tana nan, yaro ya san inda zai sa hauyarsa. Biyayyar da ake ta yabo yau ba a banza ake yin ta ba, alkawari ne mai fuska biyu: ka ba ni ƙarfinka yau, in ba ka mata da gona gobe.

To wa ya fara warware wanga alkawari? Samari, ku saurara, dattijai kuma kada ku ɓata rai. Mu ne, tare da yayyenmu. Lokacin da gujiya ke da kuɗi, tun SONARA da anka kafa a 1962 tana sayenta, yaro ya gane gamanarsa tana iya ba shi keke da rediyo ba sai ya jira maigida ba. Sai fari ya zo a 1973, darɓa ta kashe gujiya a 1975, maigida ya kasa biyan lanho, ya ce wa yaro ka tafi ka nemo. Yaro ya tafi Kano ko Kaduna, ya yi ga-ruwa ko dako, ya dawo da naira, lokacin tana da daraja. Wanda ya biya lanhonsa da kuɗin guminsa, ya yi aurensa da kansa, da wace hujja za a hana shi ware tukunya? Da yawanmu a nan haka munka fita gandu. Muna tuna abin da iyayenmu sunka ce mana: ɗiyan zamani, masu agogo, marasa kunya. Akwai wanda ke zaune cikin wanga taro, baƙinsa ya fi na kowa zafi kan samari, wanda mahaifinsa ya yi wata biyu bai amsa gaisuwarsa ba saboda ya sayi rediyo bai sayi akuya ba. Ya san kansa, ga shi can yana dariya.

Sai maganar yawan jama'a, wadda ba mu son ji. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar duka, jihar Maradi kuwa ba ta cika miliyan 1 ba. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17 a ƙasa, jihar Maradi miliyan 3 da dubu 400, kuma tun lokacin ba a daina suna ba. Gona kuwa ba ta haihuwa. Ku ɗauki misali da gida guda. Kaka yana da eka 12, ya bar ɗiya maza huɗu, kowa ya samu 3. Kowannensu ya haifi shida, kowa ya tashi da rabin eka, tun ba a fitar da rabon mata ba, wanda shari'a ta ba su kuma wajibi ne a fitar. Rabin eka na jigawa, babu taki, babu hutu, dame nawa zai ba mai mata da yara uku? Ku da kanku kun san amsar. Da can in gona ta gaji a bar ta saura shekara biyar ko fiye, a yi sabon sassabe wajen dajin Baban Rafi. Yau ina sauran? Ina dajin da za a shiga? In dattijo ya ce wa yaro, ni ina kamarka na cika rumbu biyu, gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne faɗin gonar da ya cika su da ita.

Yanzu ga maganar da yaron ya jefa, ta sayar da fadama. Ba ƙarya ya yi ba. An sayar, kuma hannunmu ne ya karɓi kuɗin. Amma yaro, ba ka nan a 1984. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyaka ta canza kuɗinta, nairar da mutane sunka ɓoye cikin tukunya ta zama takarda, iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Shi ya sa har yau ake kiran waccan yunwa da sunan Buhari. An sayar da awaki, an sayar da kwanonin mata, an ci ganye har ya ƙare, sannan anka taɓa gona. Da farko jingina ce, da niyyar a fansa. Jingina ta kwana shekaru ta zama sayarwa. A 1994 anka karya darajar sefa da rabi, taki da magani sunka tashi. A 2005 yunwa ta sake dawowa, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, asibitocin Maradi sunka cika da yara masu tamowa. Samarin da ke da shekara ashirin da ɗoriya yau, ku ne waɗancan yaran. Wasunku da kuɗin waccan fadamar anka sayi hatsin da ya raya ku. Ba gori muke yi ba, haƙƙinku ne a ciyar da ku. Muna so dai ku sani.

Sai dai kada dattijai su ɓuya bayan yunwa duka. Akwai gonar da yunwa ta ci, akwai kuma wadda aure na uku ya ci. Akwai wadda anka sayar don a yi bikin da za a daɗe ana labari. Akwai wanda ya kai mai saye gona da dare, ɗiyansa suna Legas, sunka dawo da damina sunka iske baƙo ya kafa injin ban-ruwa yana shuka zogale. Wanga ba ƙaddara ba ce, cin amana ne, kuma mu da munka sa hannu a matsayin shaidu muna da namu kason. In ba mu faɗi haka da bakinmu ba, samari ba za su yarda da sauran maganarmu ba, kuma suna da gaskiya.

Gulbi ma ya canza, wannan kuwa ba laifin tsoho ba ne ba na yaro ba. Tun da anka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajen 1990, ruwan Gulbin Maradi ba ya zuwa ya kwanta kan fadama yadda ya saba, ya bar laka ya tafi. Abin da kakanninmu ke nomawa da danshin gulbi, yau sai da rijiya da inji da mai. Mai inji shi ne mai kuɗi. Shi ya sa fadama ke gudu daga hannun talaka tana komawa hannun ɗan kasuwa, yaron gari ya zama ɗan ƙwadago a gonar kakansa.

Akwai abu guda da muke so samari su riƙa tunawa in suna lissafin laifinmu. Mu munka sare itatuwa, gaskiya ne. An koya mana cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, babu ko kututture. Dokar gandun daji ta wancan lokaci kuma ta sa itace ya zama na gwamnati, in ka bar gawo ya girma a gonarka ka sari reshe, tara ce, saboda haka kowa ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Har iska ta riƙa binne shuka, a yi shuka sau uku a damina guda. Amma mu ɗin nan ne kuma munka gyara. Tun wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya fara nuna wa manoma cewa kututturen kalgo da sabara da gawo ba su mutu ba, a zaɓi tofo biyu ko uku a gyara, a bar su su tashi. Shi ne sassabin zamani. An yi wa na farko dariya, an ce ƙazamin manomi ne. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 a Nijar sunka farfaɗo ta wagga hanya, mutane na zuwa daga wasu ƙasashe su gani, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta tabbatar wa manomi itacen da ya raya a gonarsa. Inuwar da kuke dafa shayi ƙarƙashinta, wani tsoho ne ya bar ta lokacin ana yi masa dariya.

Mu juyo kan samari. Za mu fara da abin da ya kamata dattijai su ji. Yaran nan ba malalata ba ne. Malalaci ba ya hawa bayan mota ya ratsa Tenere. Malalaci ba ya shiga rami mai zurfin gaba goma neman zinariya. Ran 7 ga Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, nan cikin ƙasar Madarunfa, mutum aƙalla 18 sunka rasu, Allah ya jiƙansu. Ba son wasa ya kai su can ba. Duk ƙofar da munka bi munka samu abin aure, su an rufe masu ita ko an ƙuntata ta. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020. A watan Mayu 2023 ta janye tallafin mai, masu sayar da ruwa-ruwa a bakin hanya sunka rasa ribarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyaka ta sake rufuwa wata da watanni. Nairar da munka yi tutiya da ita, yau yaro ya yi wata shida yana tara ta, ya canza, ta koma abin tausayi. Wanda ya yi lakwal har ya samu takarda, ya dawo yana jiran aikin da bai zo ba. Ga kuma ɓarayin daji, waɗanda tun wajen 2019 sunka addabi garuruwan bakin iyaka, Gabi da Ɗan Isa da mu nan, suna kore shanu suna ɗaukar mutane. In dare ya yi, wa ke kwana waje yana gadi? Ba mu ba ne, gwiwa ta ƙi. Yaran da muke kira ƴan shayi su ne.

Kuma mu dubi rumbunanmu da gaskiya. Gida nawa ne a nan hatsinsa ke kai shi wata shida? In rumbu ya ƙare, saƙon wa ake jira? Tsohon da ke zagin salula da rana, shi ne ke cewa jikansa da dare, kira mini babanka ka ji ko ya aiko. Gandu bai mutu ba, jama'a, ya koma Legas da Agadas ne, har yanzu yaro ke noma wa maigida, sai dai maigida ba shi da gonar da zai ba shi a ƙarshe. Wanda ya gane haka zai rage tsawa.

To samari, kada ku yi tafi tukuna. Naku na nan. Ƙwayar tiramol ba mu munka kawo ta ba. Mun ga yaro mai ƙarfi, wanda ke gama kuyya kafin kowa, cikin shekara biyu ya koma yana magana shi kaɗai a bakin kasuwa. Kun san masu sayarwa, kuna rufa masu asiri don abokanku ne. Na biyu, kuna cewa babu gona, amma wanda ya dawo da kuɗi babur yake fara saye da babbar salula. A cikin shekarun nan gonaki nawa anka sa jingina cikin gari, samari nawa sunka haɗa kuɗi sunka karɓa kafin baƙo ya karɓa? Na uku, tafiya kafin maimai. Yaro ya yi shuka, ya yi noman fari, ya ji labarin wani rami ya buɗe, ya tsere ya bar tsoho da mata da ciyawa. Sannan da kaka ya bugo waya yana tambayar dame nawa anka samu.

Na huɗu kuwa shi ne baki. Abin da yaron ya faɗa ran gayya yana da gaskiya a ciki, mun riga mun amsa. Amma a gaban jama'a, ga aminin kakansa, mutumin da ya ɗauki gawar kakan nan zuwa kushewa? Akwai kawu, akwai liman, akwai zaure da dare. Mu ma mun yi wa iyayenmu gardama, har mun fita gandunsu, amma mun durƙusa mun faɗa. Kuma ku sani, dattijon da anka faɗa wa maganar bai taɓa sayar da ko taki ɗaya na gonarsa ba. Jifar ta samu wanda bai ci ba.

Iyaye mata, mun ga kuna ta magana can ƙasa-ƙasa, kuma mun san abin da kuke cewa. Maza suna faɗa kan gona, tsoho da yaro, amma da gona ta fara ƙaranci, gamanar mace aka fara karɓewa. Iyayenmu mata kowace tana da gamanarta, da ita take yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Yau amarya da yawa ba su taɓa riƙa hauya ba, ana cewa hutu ne anka ba su, alhali gonar ce babu. In an zo rabon gado kuma a ce wa mace ta bar wa ƴan'uwanta maza, a ba ta ɗan abin goro. A nan tsoho da saurayi bakinsu ɗaya, ba mu taɓa jin sun yi gardama a kai ba. Malamai suna nan, su faɗa mana in haka shari'a ta ce.

Ga abin da kwamiti ya tattauna, yake kawo wa taro. Ba doka ba ce sai kun yarda.

Muna roƙon kada wani ɗan ƙungiya ya sake sa hannu shaida kan sayar da gona ko jinginarta sai an sanar da ɗiyan mai gonar da sunka balaga, maza da mata, ko da ta waya ce, kuma an fara tayin ta ga dangi da mutanen gari na tsawon wata guda. Abin da anka gama kuma a rubuta shi wurin kwamitin kula da filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a daina cinikin dare. Mun san mai gona yana da iko da abinsa, ba mu hana shi ba. Hannunmu kawai muke janyewa.

Muna kuma roƙon a buɗe asusun fansar gona. Duk mai ci-rani da ya yarda ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa, a rubuta da sunansa, in jingina ta fito a karɓa da kuɗin asusun, a ba samari marasa gona su noma bi da bi. Don kada a ce tsofaffi za su cinye, littafin yana hannun samari, makullin akwati yana hannun mace guda da iyaye mata za su zaɓa, mu namu ido.

Kujerun kwamiti tara ne, kuma tun da anka kafa ƙungiya babu wanda bai kai shekara arba'in ba da ya taɓa zama a kai. Uku daga cikinmu sun yarda su sauka a wanga taro. Samari su kawo mutum biyu, mata su kawo ɗaya, kafin sallar Juma'a mai zuwa. Amma wanda za ku kawo ya zama mai kwana gari da damina, ba wanda za a riƙa nema a waya ba.

Maganar tiramol kuwa, mun bar ta hannun samari wata uku. In kun iya kashe ta tsakaninku, babu mai jin sunan kowa. In ta gagare ku, za mu kai ta gaban Maigari.

Hanyar fadama tana nan yadda ruwa ya bar ta, amalanke ba ta wucewa, kuma akwai gida sama da ashirin na cikin gari da har yanzu ke da rabo a can. Mun sa gayya ran Asabar bayan sallar asuba. Dattijai za su kawo fura da goro, su zauna inda za a gan su, banda wa'azi. Daren yau kuma, bayan lisha, Liman da mutum biyu na kwamiti za su raka yaron nan gidan aminin kakansa. Mahaifinsa ya yarda, shi ma ya yarda.

Yanzu ma'aji zai karanta lissafin kuɗi. Waɗanda ba su biya na bara ba, tsofaffi da samari, sunayenku na cikin takarda.